Nadine Ta Ƙi Haye Kogi

"Ki kashe ta mana, Nadine, ga motar 'yan sanda nan ta shawo kwana," in ji Maxine.

Nadine Arrieta ba ta kashe ba. Ta ƙara zuƙar wiwin, ta riƙe hayaƙin a ƙirji, sannan ta sake shi a hankali. Tana zaune a barandarta da tsakar rana, bargo a cinya, jan ɗankwali a kan da maganin asibiti ya zubar wa gashi. Ciwon daji ya cinye ta har zoben aurenta ya koma babban yatsa.

Maxine Tolley, maƙwabciyarta da shinge ɗaya ya raba su, tana tsaye a gefenta. Ita ce mai kawo abin. Tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce, wadda ko tarar gudu ba a taɓa cin ta ba. Amma tun da ƙwayoyin likita suka fara sa Nadine amai da rashin gane mutane, Maxine ke haye gadar kogin Snake zuwa garin Ontario, ɓangaren jihar Oregon, inda ake sayar da wiwi a kanti kamar burodi. Da ta dawo wannan ɓangare na jihar Idaho kuwa, abin da ke cikin jakarta ya isa ya kai ta gidan yari.

Ɗan sandan ya fito, ya cire hula. Curtis Bybee ne, wanda Maxine ta sha kai shi makaranta yana majina.

"Misis Arrieta, an sake kiran mu," in ji shi. "Kina da sammacin kotu a kan wannan abin, kuma ga ki a bainar jama'a."

"Barandata ce, Curtis. Jama'a su kau da kai."

"Wa yake kawo miki?"

Maxine ta ƙura wa takalmanta ido.

"Tantabara," in ji Nadine. "Kullum da safe take ajiye min a taga. Je ka kama ta." Ta miƙa masa hannayenta biyu, sirara kamar kara. "Ko kuma ka tafi da ni. Amma ka haɗa da tukunyar iskar numfashin nan da fo ɗina, kuma kai za ka riƙa juya ni idan bayana ya ƙage."

Curtis ya daɗe yana murza bakin hularsa. Ya karɓi guntun da ke hannunta, ya jefa a leda, ya rubuta mata wani sammacin. Da zai tafi ya tsaya kusa da Maxine, ya yi ƙasa da murya.

"Misis Tolley, akwai karnukanmu masu sansano ƙwaya a bakin gada kwanakin nan. Ni dai na faɗa."

Ranar Lahadi Corinne, 'yar Nadine, ta zo daga Boise da shawara. Ta samo ɗakin haya a Ontario, mai taga babba, kusa da asibiti.

"Can ba wanda zai taɓa ki, Mama. Ki sha abinki a gaban kowa. Haye gada ne kawai."

"Daga gidan nan aka fitar da gawar babanki," in ji Nadine. "Ni na shuka itacen nan da kike fakewa a inuwarsa. Rayuwata ta ƙare a rumbun albasar garin nan, ina biyan haraji. Yanzu don zan mutu sai in yi hijira kamar ɓarauniya?"

"To ki amsa laifin mana. Lauya ya ce tara ce kawai, sai gwajin da za a riƙa yi miki."

"Gwajin fitsari. Ina da shekara saba'in da ɗoriya, in riƙa kai wa gwamnati fitsarina a kwalba. Ki gaya wa lauyan ban yi laifi ba. Abinci nake so in iya ci."

Corinne ta koma tana kuka. Maxine kuwa maganar karnukan ta zauna mata a rai. Wiwin da ya rage a gwangwani ya ƙare, ba ta je sayo wani ba. Ta kai miya, Nadine ta kasa haɗiya. Ta gyara mata filo, ta ga yadda ta cije leɓe har ya fashe.

"Kada ki je," in ji Nadine, ba ta ko buɗe ido ba. "Ni ba abin da za su iya yi min. Ke kuwa kina da jikoki."

Da hantsi washegari Maxine tana ban ruwa a lambunta, sai ta ji nishin Nadine ta tagar da ke buɗe, irin na wanda yake ƙoƙarin kada a ji shi. Ta rufe famfo, ta ɗauki makullin mota.

A dawowa ta hango su a ƙarshen gada: motar 'yan sanda a gefen titi, da kare. Ta rage gudu. Kwalbar man wiwin tana cikin buhun abincin kyanwa a kujerar baya. Ta tuna Nadine da hannayenta a miƙe, sai ta sauke gilashi, ta gyara zama, ta ɗaga wa ɗan sandan hannu kamar yadda take ɗaga wa iyayen yara. Ya dubi furfurarta, ya yi mata alamar ta wuce.

Da yammacin ranar Nadine ta sha ɗigon man a ƙarƙashin harshe, ta yi barci, ta farka ta ce tana son ƙwai. Ta cinye rabinsa, ta yi wa Maxine tsiya cewa gishiri ya yi yawa.

"Kin yi fitsari a wando a kan gadar?"

"Saura kaɗan."

Nadine ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta yi sauran kwanakinta cikin hayyacinta. Ta gane Corinne, ta gane jikokinta, ta rarraba musu tukwanenta, ta zagi limamin cocin da ya ce ta nemi gafara kan taurin kai, sannan ta riƙe hannunsa suka yi addu'a. Ta rasu da safe, lokacin cirar albasa, manyan motoci suna wucewa a titi, warin ya cika ɗakin. Maxine ce ta rufe mata ido.

Ranar shari'a ta zo bayan an binne ta. Corinne ta ce lauya zai sanar da kotu, ba sai kowa ya je ba. Maxine ta saka rigarta ta coci, ta tafi. Ta zauna a benci cikin samari masu jiran a kira su kan irin wannan tuhuma. Da aka kira sunan Nadine Arrieta, ta miƙe.

"Ke ce wadda ake tuhuma?" in ji alƙali.

"Maƙwabciyarta ce ni, ranka ya daɗe. Ta rasu, a gidanta."

Alƙalin ya yi mata ta'aziyya, ya ce an kori ƙarar. Maxine ba ta zauna ba.

"Ina so a rubuta cewa ba ta amsa laifi ba."

"Ba a buƙatar hakan yanzu, Madam."

"Ita tana buƙata."

Curtis, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Alƙalin ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya juya ga magatakarda, ya ce a rubuta.

Da ta koma gida ta tarar zanen gadon Nadine yana nan a kan igiya, an manta da shi tun ranar rasuwa. Ta ƙetare shingen, ta sauke shi. Faɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ninke. Ta danne gefe guda da haɓa, ta buɗe hannuwa iya tsawonsu, tana neman ɗaya bakin.