Butar Malam Sanda

Ranar da aka ɗaga amalanke daga kan cinyar Malam Sanda, garin Mahuta kaf murna aka yi. Masara ya lafto daga gonarsa ta bayan rafi, sa ɗaya ya zame a gangare, amalanken ta kife da buhunanta ta danne shi. Tun hantsi yake kwance a wurin har bayan la'asar, kafin wasu makiyaya su ji nishinsa. Aka taru aka ɗaga, ko ƙashi bai karye ba. Mai ɗori ya shafa ya ce tsami ne da kumburi, a riƙa gasawa da ruwan zafi.

Sai 'yan barka. Kun dai san mutanenmu da barka, wanda ko gaisuwa ba ta haɗa ku ma sai ya zo ya ga ƙafa. Wansa Alhaji Ummaru ya kafa tabarma a zaure yana ba da labari, kullum buhunan ƙaruwa suke yi a bakinsa.

Hajjo, matar Malam, ita kaɗai ce hankalinta bai kwanta ba. Shekara da shekaru ita ke cika masa butar bayi, wata shuɗiya ta roba, daban da ta alwala, ta ajiye a ƙofar makewayi. Washegari ta je cikawa ta tarar kaɗan aka taɓa. Da gari ya sake wayewa kuwa, ko matsar da ita ba a yi ba.

Ta same shi a ɗaki ya miƙe ƙafar, ta kumbura kamar turmi.

"Malam, buta fa tana nan yadda na ajiye ta."

Ya kau da kai. "Sau ɗaya ya zo, ɗan kaɗan, baƙi kamar shayin da ba madara. Daga nan shiru. Ki rufa min asiri, Hajjo. Ana ta yi min barka, in fito in ce fitsari ya gagare ni? Zai sake."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta je bayan ƙofar zaure ta durƙusa, ta yi sallama. Amma da wane baki mace za ta yi wa wan mijinta maganar fitsarin ƙaninsa, ga maza cike da wuri? Abin da ya iya fitowa shi ne, "Yaya, da dai an kai shi asibiti."

"Asibitin me, mutumin da Allah ya riga ya kuɓutar? Ku mata ba ku rabo da neman magana."

Ta koma ta zubar da ruwan butar, ta cika sabo. Haka ta riƙa yi kullum, ko Allah zai sa.

Sai da fuskarsa ta kumbura, ga amai, ga shaƙuwa ba tsayawa, ya fara kiran shanunsa a tsakar ɗaki, sannan aka nemo mota zuwa asibitin Funtuwa.

Likitar, wata doguwa mai suna Najiba, ta duba shi ta ce, "Yaushe rabonsa da fitsari?"

"Lafiya lau yake yi," in ji Alhaji Ummaru.

Hajjo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Tun washegarin abin bai ƙara yi ba."

Likita ta daɗe tana kallonta, ba da faɗa ba. Ta zaunar da su ta ce, "Lokacin da yake danne, jini ya yi wa ƙodarsa ƙaranci. A cikin ƙoda akwai wasu 'yan mitsi-mitsin murahu da ido ba ya gani, mu muna ce musu mitokondiriya, su ke ba ta ƙarfin aiki. In jini ya yanke sai su lafa. In ya dawo gaba ɗaya, ga dattin naman cinya da ya kwaso, sai su kama da wuta su ƙone ɗakin da suke ciki."

"Wato ɗagawar ce ta ja?" Muryar Alhaji ta yi sanyi.

"Dole a ɗaga, Alhaji. Masana na can suna gwada maganin da zai kare murahun nan, bai iso hannunmu ba tukuna. Abin da muke da shi ƙarin ruwa ne da wuri. Yanzu sai wankin ƙoda a Zariya, in ya kai."

Bai kai ba. Kafin motar ta bar gari ya cika, kansa a kan cinyar Hajjo.

Aka dawo da shi Mahuta. Mutanen da suka zo barka su ne suka sake cika zauren, a kan tabarmin da ba a ma naɗe ba. Hajjo na zaune a tsakar gida cikin mata, ba ta kuka.

Alhaji Ummaru ya shigo zai kewaya kafin a yi sallar jana'iza. Ya tsaya a ƙofar makewayi yana waige-waigen wanda zai zubo masa ruwa, sai ya sunkuya ya ɗaga shuɗiyar butar.

"Ku bar shi," ya ce. "Wannan a cike take."