Zanen Kabo a Ƙafar Gada

Kabo bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, amma yana da littafinsa, wato ƙafar tsohuwar gadar gulbi ta tsakiya, mai hanci kamar na kwalekwale da ke fuskantar Jiratawa, inda ruwa ke fitowa. Shekara arba'in, duk ƙarshen damina sai ya ja zane da ƙusa daidai inda ruwa ya tsaya. Da zanen nan yake gaya wa manoman fadama inda za su dasa tumatir, kuma yana ji da shi fiye da gonarsa.

Ran nan da hantsi ya iske wata mata da hular kwano tana shafa zanen. Samira ce, injiniyar da aka turo daga Maraɗi ta shafe ƙafafun gadar da sabon siminti. Kabo ya ja ya tsaya. Zanensa zai tafi, ga shi ya tabbata kama mai ɓata kayan gwamnati aka zo yi.

“Baba, wa ke wannan zane?”

“Wa ya sani, ɗiyata? Wurin ga ba ya rasa iskoki.”

Ta yi murmushi. “Iskokin sun iya aiki. Takardun gadar sun ɓace, ba mu san iyakar ruwa ba sai a nan.” Ta ɗora yatsa a zanen ƙoli. “Wannan na bara ne ke nan.”

Kabo ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya so ya yi shiru, amma a yi wa littafinsa karatun banza a gabansa? Ina.

“Bara? Na bara ga shi nan wajen gwiwarki! Wancan na shekarar da ruwa ya tahi da jakin Ilyasu ne, tsaye nike bisa amalanke na ja zanen.”

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya miƙa hannu biyu a ɗaure shi. Samira ta yi dariya har hularta ta karkace, ta zauna a yashi ta ce ya faro mata daga na farko. Sai azahar suka tashi.

Aka shafe ƙafafun gadar duka, ban da faɗin taku biyu a ta tsakiya. A kan zanen ƙoli kuwa ta bar masa fili kamu uku, ko ruwa zai ƙara wata shekara.