Na'urar Awon Jinin Akawu

A ƙofar ofishin coci suka ƙulla cinikin, Fasto yana ɗaure takalmi, tsohon akawu yana tsaye a kansa. Addu'a akawu yake so, tasa shi kaɗai, a kira sunansa, ba irin wadda ake yi wa marasa lafiya a dunƙule ba. Fasto ya ce ya yarda, amma sai akawu ya zauna a baranda da na'urar nan tasa ta awon jini, ya auna tsofaffin ikilisiya bayan sujada. In ya gama, a shiga ciki a ɗora masa hannu.

Akawu ya ga ba abin da zai ci masa sai ɗan batir, ya ce to.

Ɗansa ne ya aiko masa da na'urar, kuma tun da ta shigo gidan dariya ta yi ƙaura. Kafin karin kumallo awo, bayansa awo, jika ya buga ƙofa da ƙarfi awo. Matarsa kuwa ya hana ta ko taɓawa, wai damtsenta zai buɗa masa maɗaurin. Kullum lambar sama take yi, shi kuma yana ƙara tabbata kwanansa ya ƙare.

Da aka tashi sujada ya zauna a baranda, hannun farko da aka miƙo masa na wani kafinta ne, babu yatsa ɗaya. Shekara da shekaru suna zama benci guda, bai taɓa lura ba. Ya tambaya, aka ba shi labarin zarto. Sai ya fara kallon hannuwan mutane: wannan tabon ƙuna, wancan kantar aikin ƙarfi, kowane da tarihinsa. Wata tsohuwar mawaƙiya ta ce, "Likita, matsa a hankali, ni fa da mijina." Baranda ta ɗauki dariya, har da shi.

Can ƙarshe matar da take sharar coci ta jingine tsintsiya ta zauna. Na'ura ta yi gurnaninta, ta nuna lambar da ta haura duk wadda akawu ya taɓa gani a jikinsa. Abin da ya fara ji, Allah ya gafarta masa, kishi ne. Ya sake aunawa, haka dai. Matar ta ce kanta ya kwana biyu yana sarawa, ta ɗauka rana ce.

Yana tura ta cikin tasi Fasto ya fito da Littafi a hannu.

"Baba, addu'ar fa?"

"Ajiye mini ita," in ji akawu, ya ja ƙofa.

A asibiti ya san kowane lungu, tunda nan ne wajen yawonsa. Ya yanki kati, ya yi rigima da mai tsaron layi, ya riƙe mata jaka da silifas, ya sa aka kira 'yarta. Da aka ba ta gado, likita ya ce gara da aka kawo ta yau.

Da yamma ya shigo gida, ya cinye abinci bai tambayi gishirin da aka sa ba, har ya nemi ƙari. Matarsa ta daɗe tana kallonsa.

"Baban yara, yau nawa ta nuna maka?"

Ya tsaya da cokali a hannu. Ashe tun safe bai auna kansa ba. Ya ciro na'urar ya danna, alamar batir tana ƙiftawa, da ƙyar za ta kai awo ɗaya. Ya dubi hannunsa, ya dubi nata.

"Miƙo," ya ce.

In dai ciniki za a bi, Fasto ne ya ci riba: ya samu asibiti a baranda bai ɗora wa kowa hannu ba. Mai shara ta samu gado, uwargida ta samu awo. Akawu ne ya yi asara, batir ya ƙare, addu'a tana ajiye. Sai dai washegari shi mai asarar aka ji yana fito a hanyar shagon batir.