Gangaren Gada

A garinmu na Dakota ta Arewa ba a taɓa cewa mutum ya bugu. Da Turanci sai a ce ya yi lodi, ko an yi masa yaɓe, ko guduma ta same shi. Tsofaffin da ke riƙe da harshen Norway su ce iska ta ɗan kaɗa shi, ko yana juyi. Duk kalmomi ne na dariya, kuma da dariyar ake sallamar magana.

Ranar sha bakwai ga Mayu, bikin ƙasar Norway da kakanninmu suka zo da shi, Kawu Eilert ne ke jan tirelar tsofaffi da tarakta a fareti, kamar kowace shekara. Kakata Gunvor tana zaune a kai cikin kayan gargajiya, da 'yar tuta a hannu. Hanyar kuwa sai ta bi gangaren gada.

Na iske Kawu yana laluben matakalar tarakta da ƙafa, yana kuskurewa. Warin barasa ya riga gaisuwarsa isowa gare ni. Abokansa na gefe suna tsokana: wannan ya ce iska ce ta kaɗa shi, Torvald mai kanti ya ce a'a, yaɓe ne, amma shafi ɗaya. Na nemi a sauya direba. Suka ce Eilert ko a barci ya san hanyar, kuma ni karatun jinya ne ya hana ni sanin wasa.

Sai na tattara siket ɗina na zauna a kan kwalta, gaban tayar.

"Kawu, ka bugu," na ce. "Ba za ka ja Kaka ba."

Masu busa na fareti suka daina busa. Mahaifiyata ta zo tana raɗa mini cewa na kunyata gida, Ragna, tashi, mutane na kallo. Na ce su kalla.

Kawu ya yi dariya, ya ce ɗan kurɓi ne kawai, 'yar likita. A wajenmu ba a ɗaga kofin barasa a sha tare sai an dubi juna ido cikin ido. Shi ya koya mini haka. Na ce to ya dube ni. Ya gwada. Idanunsa suka zame zuwa takalmina, suka tsaya can.

Ba wanda ya ce na yi gaskiya. Torvald dai ya hau ya karɓi sitiyari, yana ƙunƙuni cewa don a huta da rigimata ne. Sai da na ga Kawu ya zauna a bakin titi sannan na tashi.

Bayan fareti, a wajen shan kofi a ɗakin ƙasa na coci, teburin da na zauna ya watse. Kaka ce kawai ta zo, ta turo mini farantin kek, ta ce bakina ba linzami tun ina ƙarama. Na ce haka ne, kuma baɗi ma ina nan.