Kafaɗar Akawu

Ƙwallon ta tashi har kusa da fitilun rufin zauren. Tela ta ja kekenta baya, ta gantsare ta maido ta. Akawu ta ɗan taɓa ta kawai, ta faɗo can gaba, taƙi ɗaya bayan layin gaba. Kafin Tela ta turo keke, alƙalin wasa ya riga ya ce, "Sha ɗaya da bakwai. A canza gefe."

Zagaye na uku ne, kowacce ta ci ɗaya. Wadda ta fara kai maki ashirin da ɗaya ita za ta samu gurbi ɗaya tak da ya rage a tawagar badminton ta masu keken guragu. Shekarar Tela arba'in da ɗaya, kuma koci ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa ba za a sake kiranta gwaji ba. Akawu kuwa ashirin da shida take. Ɗinkin riga ta kawo shagon Tela shekara uku da suka wuce, Tela ta auna faɗin kafaɗunta, ta sake aunawa, ta ce mata ranar Asabar ta zo filin wasa.

Koci ya durƙusa gefen keken Tela da ɗan littafinsa.

"Anti, maki sha ɗaya ta ci, bakwai a ciki ke kika miƙa mata. Wasan nan ba a cinsa da ƙarfin duka. Gaba, baya, gaba, baya, har keken mutum ya rasa inda zai nufa. Ke kuwa gaba kawai kike ba ta. Sau nawa kika ɗaga mata zuwa layin baya?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Sau huɗu. Duka huɗun bisa kuskure."

Tela ta sha ruwa. Wata biyu ke nan da kafaɗar Akawu ta dama ta gurɗe. Tela ce ta rufe shago ta raka ta asibiti, a gabanta likita ya ce kada hannun ya wuce saman kai. Mai maido ƙwallo daga baya kuwa dole ya ɗaga hannu har ƙarshe.

Da suka zo giftawa ta gefen raga, Akawu ta riƙe tayarta ta tsaya.

"Yaya, tausayina kike ji?"

"Wasa nake yi."

"In na ci a haka, kowa zai ce kyauta kika ba ni. Ki ɗaga min baya. Don Allah."

Tela ta dube ta. Fuskar Akawu babu komai a cikinta sai gumi.

"Ke kika ce," in ji Tela.

Ta ɗaga ta farko har layin baya. Akawu ta ja da baya, ta yamutsa fuska, ta maido ta da ƙyar zuwa tsakiyar fili. Tela ta ajiye mata ita a gaba. Takwas. Ta sake ɗagawa. Tara. Duk sanda Akawu ta cije leɓe sai Tela ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji, amma makin bai fasa daɗi ba. Suka yi kunnen doki a sha uku. Koci ya daina rubutu, ya harɗe hannuwa.

Tunda duk abin da Akawu ke maidowa a tsakiya yake mutuwa, Tela ta daina komawa mazauninta. Ta matso gaba kaɗan. Ta ƙara matsowa. A sha tara da sha takwas, tana gaba da ɗaya, tayoyinta sun kusa taka layin gaba, raket a sama, tana jira.

Ta ɗaga. Akawu ta gantsare har gashinta ya kusa taɓa ƙasa, ta saki hannu gaba ɗaya. Ƙarar dukan ta cika zauren. Ƙwallon ta wuce ta saman kan Tela, ta sauka a kan layin baya.

Tela ta juya ta kalli ƙwallon, ta juyo ta kalli kafaɗar.

Ta gaba ma haka. Da Tela ta gudu baya don tsare ta uku, sai Akawu ta ajiye mata ita a gaba, a hankali, kamar mai ajiye kofi a tebur.

"Ashirin da ɗaya da sha tara. Wasa ya ƙare."

Suka yi musafaha ta ƙarƙashin raga. Koci ya zo ya buɗe littafinsa, ya duba, ya rufe.

"Wannan babu shi a nan," ya ce, ya wuce.

Suka shiga ɗakin canza kaya. Suka kwance maɗaurin ƙafafu, kowacce ta koma kekenta na yau da kullum. Suka gangara ta gefen matakala zuwa inda ake jiran bas. Sai a nan Tela ta lura tana ɗauke da jakar Akawu a cinyarta, saman tata, kamar kullum tun ranar asibiti.

"Yaushe ta warke?"

"Sati uku ke nan."

"Cije leɓen fa?"

"A madubi na koya."

Tela ta gyaɗa kai. Ta kalli titi. Ita ce ta koya wa yarinyar nan cewa a jawo mutum gaba kafin a jefa masa baya, ranar farko ma.

"Sati uku," ta ce, "kina kallona ina ɗaukar miki jaka."

"Tana da nauyi, Yaya."

Bas ɗin ya tsaya, direba ya fito yana sauko da allon da keke ke hawa ta kai. Tela ta ɗaga jakar da hannu biyu, ta ɗora wa Akawu a cinya, ta tura kekenta ta fara shiga.