Rantsuwar Yaƙubu Direba

Duk Madawa ba wanda ya kai Yaƙubu direba zagin Guguwar Majiya, kuma ba wanda ya kai shi son ta. Guguwar Majiya ita ce ƙungiyar ƙwallonmu, mai riga kore da fari, wadda a da in za ta buga wasa har masu shagunan bakin gudron, wato titin kwalta, ke rufewa su bi ta. Ni Usama, mai sayar da albasa a bakin tasha, ni ke buga wa magoya baya ganga, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Yaƙubu na da tsohuwar motar haya da muke kira Gogo, saboda shekarunta da kuma tarin da take yi da safe kafin ta yarda ta tashi. Sauran ranaku ta fasinja ce, ranar wasa kuwa ta ƙungiya ce. Ba a taɓa roƙonsa ba, shi ke zuwa da kansa yana oda yana faɗa wai an ɓata masa lokaci. Kujerar gaba ta Mahamud ce, mai horar da 'yan wasa, abokinsa tun suna buga ƙwallon tsumma a bayan kasuwa. Daga Madawa har inda za a je gardama suke yi a kan wanda ya kamata a sa a gaba, kuma ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗaya ka yi gaskiya ba.

Bara abin ya lalace mana. Masu ƙafar kirki duk sun watse, wasu Yamai, wasu haƙar zinariya a arewa, aka bar wa Mahamud waɗanda in ƙwallo ta zo musu sai ka ce bashi ya biyo su. Muka yi ta shan kashi gida da waje. Sau biyu ma aka ci mu forfe. Forfe shi ne alƙalin wasa ya jira ku bai gan ku ba, ya busa, ya ba abokan karawa nasara ba tare da sun yi gumi ba. Na farko dashen albasa ya kwashe rabin 'yan wasan, na biyu biki suka tafi Ƙonni. Dokar gasar kuwa ta ce duk ƙungiyar da ta yi na uku an shafe sunanta ke nan.

Ranar da tulun ya fashe, wata ƙungiya ce daga wajen Sabon Gida ta zo har filinmu ta zura mana biyar. Mutanen da ko takalmansu ba iri ɗaya ba ne. Ni dai tun a ta uku na kife gangata na zauna a kanta. Da aka tashi, 'yan wasa suka nufi Gogo kamar yadda suka saba, don ya sauke kowa a unguwarsu. Yaƙubu ya tare ƙofa.

"Ina za ku? Wallahi tallahi, na rantse da girman Allah, Gogo ba ta koma ɗaukar ko mutum guda cikinku! Ku tahi ƙasa, ƙila ƙahwahunku su koyi wani abu."

Mahamud ya dube shi ya ce, "Yaƙubu, ka san mi kah hwaɗi?"

"Na sani. Har da kai."

Mahamud ya ɗauki buhun ƙwallaye ya saɓa a kafaɗa ya tafi.

Na san Yaƙubu. Kafin gari ya waye ya yi nadama, amma girman kai ya riƙe masa wuya. Kwanaki ya yi yana zuwa rumfata yana zagin ƙungiyar da ba wanda ya tambaye shi labarinta. Wasan ƙarshe kuwa na tafe, ranar Lahadi da la'asar, can Keita. Ko an ci mu goma ba komai, in dai mun bayyana a fili ƙungiya ta tsira zuwa baɗi.

Ranar Alhamis da yamma Mahamud ya zo tasha. Bai zauna ba.

"Lahadi muna da Keita. Ka san abin da ka biyo baya in ba mu tahi ba."

Yaƙubu ya dubi ƙasa. "Na rantse, Mahamud."

"Na jiya. Na zo dai in hwaɗa maka."

Bayan ya tafi, Yaƙubu ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce zai yi kaffara. Abin da ya riƙe tun yana makarantar allo shi ne wanda ya rantse sai ya yi azumi uku kafin ya warware. Na lissafa masa da yatsu: Juma'a, Asabar, Lahadi. Sai rana ta faɗi ranar Lahadi zai gama, wasa kuwa da la'asar ne. Ya dafe kai.

Na ce, "To mu tahi wurin liman mana, mu ji ko da wata dabara."

"In tahi gaban malam da hurhurata in ce na rantse don ƙwallo? Yara na jina?"

Ni ma karatuna bai fi nasa ba. Ya ɗauki azuminsa. A ɓoye kuma ya je ya lallashi Ɗanmaraya, mai wata a-kori-kura da ke jigilar albasa, ya kai ƙungiya Keita, ya ce kada a faɗa wa Mahamud daga ina abin ya fito. Duk Madawa ta sani kafin magariba.

Ranar Lahadi suka tashi da hantsi, a tsaitsaye a bayan mota kamar buhuna. Ban bi su ba don babu wurin ganga. Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Mahamud ne, kuma ni ya kira, ba abokinsa ba. Motar Ɗanmaraya ta yi pan, ta mutu a wani hawan dutse bayan Buza, ba ta gaba ba ta baya.

Ban ƙarasa faɗa wa Yaƙubu ba ya riga ya jefa akwatin kayan gyara cikin Gogo. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi gudu irin na ranar ba. Ko tari ɗaya ba ta yi ba, ta haye duwatsun nan tana watsa tsakuwa, ni ina riƙe da ƙofa ina salati.

Muka iske su a gindin wata ƙaya kusa da wani ƙaramin ƙauye, sun riga sun sa rigunan wasa. Da suka hango Gogo suka yi ta tsalle suna ihu, suka ruga da jakunkunansu. Yaƙubu ya fito ya kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu.

"Gyara niz zo yi. Ba ku shiga sai rana ta hwaɗi."

Ya shige ƙarƙashin a-kori-kura. Mutum mai azumi, a wannan rana ta ƙasar Adar da ke dafa dutse, ya kwanta a kan tsakuwa yana kwance ƙarfe yana ɗaurawa. Ya yi duk abin da ya sani. Abin da ya karye sai an kawo sabo daga gari. Inuwa na ta tsawo, kowa na duban agogo, kowa kuma na satar kallon Gogo da ke tsaye lafiya lau da tankinta cike.

Shafi'u mai tsaron gida ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. "Baba Yaƙubu, don Allah ka kai mu. Ni na ji an ce ana iya karya rantsuwa a yi kahhwara daga baya."

"Kai am malamin? Da sunan Allah nir rantse, yaro, ba da sunan ubanka ba."

Na ga hawaye sun bi ta cikin baƙin man da ke fuskarsa. 'Yan wasan suka fara hayaniya, wani har ya kama murfin Gogo yana jijjigawa. Mahamud ya ce, "Ku ƙyale shi." Ya tsaya bakin hanya yana tare masu babur. Ranar ba kasuwa, hanyar ba kowa. 'Yan wasa uku kawai suka samu babur suka tafi, alhali sai da bakwai ake yarda a fara wasa.

Can wayar Mahamud ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya mayar aljihu.

"An busa," ya ce. "Forfe."

Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya yi zagi. Suka fara tuɓe rigunan suna ninkewa suna miƙa masa. Ni wannan ninke rigunan ya fi ƙona mini rai a kan duk kashin da muka sha, domin tun ina saurayi nake bin rigar nan.

Da rana ta faɗi, limamin ƙauyen ya fito da buta da ƙwaryar fura, don an gaya masa akwai mai azumi a bakin hanya. Dattijo ne mai sanyin magana. Yaƙubu ya sha, muka yi salla a bayansa. Da aka shafa, liman ya tambaya azumin mene ne a tsakiyar shekara, kuma me ya sa mota mai lafiya ta tsaya kallon marar lafiya. Yaƙubu, da ya ji kunyar limamin garinsu, ya zayyana wa na ƙauye komai a gaban yara.

Liman ya girgiza kai.

"Wa yag gaya maka haka, ɗana? Wanda yar rantse kan wani abu, yag ga waninsa ya hi alheri, sai shi yi alherin, shi yi kahhwara daga baya. Kuma kai mai mota guda, azumi bai hau kanka ba. Mabuƙata goma za ka ciyar. Tuwo ne, ɗana. Da ka kai su, gobe ka sa a tuƙa."

Yaƙubun nan kuwa, matarsa Hindatu ta sha tuƙa wa ƙungiyar nan tukunya guda bayan kowane wasa, a ci nasara ko a sha kashi. Shafi'u ya buɗe baki, Mahamud ya harare shi, ya rufe.

Yaƙubu ya tashi ya buɗe Gogo. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi wurin da ya saba zama. Mahamud ya buɗe gaba ya zauna, buhun riguna a cinyarsa. Yaƙubu ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya riƙe sitiyari yana kallon hanyar Keita.

"Mahamud," ya ce, "daga yau duk inda za ku, ni ka kai ku."

Mahamud ya gyara buhun a cinyarsa.

"Mu ɗauko ukun nan da sunka yi gaba, ka kai mu gida, Yaƙubu. Ba sauran inda za mu."