Matan Dutsen Garaku

Shekara takwas Munira ta yi a Abuja tana ɗaukar fim ɗin bukukuwa da tallan sababbin gidaje. 'Yar cikin garin Keffi ce, mahaifinta malamin firamare. Wata rana tana aiki a wata unguwa da ake ginawa, sai ga tifa ta juye tsakuwa a gabanta. Ta tambayi direban daga ina yake ɗebo ta.

"Daga bayan Garaku," in ji shi. "Mata ne ke fasawa da guduma."

Garaku ba ta da nisa da gidansu, amma ba ta taɓa jin labarin matan ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ranar Asabar ta ɗauki kyamara ta tafi.

Ta tarar da mata kusan talatin a gindin dutse, kowacce da tulin tsakuwarta. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai suna Dokas, wadda tsinin dutse ya kashe wa ido ɗaya, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi. Kusa da ita aminiyarta Salamatu ke zama. Ita ke jan hannunta su zo da safe, ita ke mai da ita gida.

"Hoto kika zo ɗauka, a ce ga matalauta?" Dokas ta tambaya.

"A'a, Mama. So nake a san hannun da ya gina Abuja."

"To, ajiye abin nan. Ga guduma."

Munira ta zauna. Kafin azahar tafin hannunta ya yi bororo, matan suna ta dariya. Salamatu ce ta yage bakin zaninta ta ɗaure mata hannun. Daga nan suka saki jiki da ita.

Wata biyar tana zuwa duk ƙarshen mako, har ta bar aikin talla ta dawo Keffi da zama. Ta ɗauki aikinsu da waƙoƙinsu da faɗansu da direbobi. Ta ɗauki Salamatu tana tsokanar Dokas, wai ta fi kowa cin gyaɗa alhali ba ta ganin ɓawon.

Da aka nuna fim ɗin a Abuja, mutane suka yi ta tambayar yadda za su taimaka. Duk abin da ya shigo, Munira ta zuba shi a gidauniyar da ta buɗe. Ta sayo wa matan tabarau na kare ido, ta sa aka kafa musu rumfa, ta kawo likitan ido ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce idon Dokas na dama zai gyaru idan an yi mata aiki.

Ana saura mako biyu a yi aikin, zazzaɓi ya kwantar da Salamatu, kwana uku ta rasu. Dokas ta ce ta fasa zuwa asibiti.

"Wa zan gani kuma, 'yata?"

Munira ba ta matsa mata ba. Kullum sai ta zo ta zauna da ita, su yi hirar marigayiyar. A rana ta shida Dokas ta ce a kawo mata mayafinta, su tafi.

Bayan an cire mata bandeji da wata guda, Munira ta kawo majigi makarantar firamaren ƙauyen don ta nuna wa matan fim ɗin. Aka toshe tagogin aji da barguna saboda hasken rana, aka zaunar da Dokas a gaba. Can sai ga Salamatu ta cika bango tana dariya, da gyaɗa a hannu.

Dokas ta miƙe tsaye.

"Ashe ta yi furfura haka! Shekara huɗu muryarta kawai nake ji. Ba ta gaya mini ba."

Ta juyo tana share hawaye.

"Munira, ana iya mai da shi baya?"

"Ana iyawa, Mama."

Sau huɗu aka maimaita wurin, babu wadda ta ƙosa. Da aka tashi, Dokas ta riƙe hannun Munira har bakin mota, ta ce mata akwai masu ƙona gawayi a Agwada da hayaƙi ke cinye wa ƙirji, kuma ƙanwarta na cikinsu. Suka sa ranar Litinin za su je tare.